Taklidi da Ijtihadi a Kan Allon Shaɗaranji

Ko mutumin da ya riƙe magana ta gaskiya ba tare da ya san dalilinta ba ya cancanci a kira shi masani, tambaya ce da masana falsafa da malaman usulul fiƙihu suka daɗe suna kai kawo a kanta, kuma abin da ke sa ta wuyar warwarewa shi ne cewa a mafi yawan fannoni babu hanyar da za a bi a rarrabe mai sani da mai maimaitawa nan take, domin bakinsu ɗaya a wurin amsa. Wasan shaɗaranji, wanda a yau aka fi sani da ces, yana daga cikin 'yan fagagen da ake iya ganin wannan bambanci da ido, saboda babu sa'a a cikinsa, babu abin da ke ɓoye ga ɗayan 'yan wasan biyu, kuma duk wanda ya ɗauko ra'ayi daga littafi dole ne ya kare shi a gaban abokin karawar da ba shi da wani buri sai ya rushe shi. Saboda haka yadda ake koyon wannan wasa ya cancanci a dube shi a matsayin gwaji ga tsohuwar muhawarar taklidi, wato karɓar maganar wani ba tare da sanin hujjarsa ba, da ijtihadi, wato yin amfani da ƙoƙarin kai wajen fitar da hukunci.

Masu koyar da wasan sun saba kasa karatunsa gida uku: buɗin wasa, wato jerin takun farko da aka riga aka nazarta aka rubuta, dabarun kusa, wato gajerun hare-haren da ke tilasta wa abokin karawa asarar ɗa ko mutuwar sarki cikin taku kaɗan, sai kuma nazarin cikakkun wasannin gwanayen da suka gabata. Biyun farko sun girmi Turai a wannan fage. Wasan ya taso ne a Indiya wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan ya shiga hannun Musulmi, kuma a Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa ne aka fara rubuta iliminsa a littattafai. Al-Adli ya yi littafinsa a ƙarni na 9, ar-Razi ya doke shi a gaban Halifa al-Mutawakkil, daga baya kuma as-Suli, wanda ya rasu a 946, ya shahara a fadar al-Muktafi har sunansa ya zama abin buga misali, almajirinsa al-Lajlaj ya biyo bayansa. Waɗannan marubuta suna da abin da suke kira ta'abiya, wato tsarin da ɗan wasa zai jera mayaƙansa a kai kafin a gwabza, kowanne da sunansa, irin su Mujannah da Sayyal, suna kuma da mansuba, wato matsayi da ake shiryawa a kan allo a ce wa ɗalibi ya nemo hanyar nasara. Ta'abiya haddace ta ake yi, mansuba kuwa warware ta ake yi, kuma tun daga lokacin ɗalibin wasan yake tsakanin waɗannan ayyuka biyu.

Hukuncin wasan a shari'a ba shi ne abin da ake nema a nan ba, amma ba ya kyautuwa a tsallake shi. Hadisai ingantattu sun zo da hanin nardu, wasan da ake jefa 'yan ƙwayoyi masu fuska shida kafin a yi taku, a kan shaɗaranji kuwa malamai sun saɓa. Imamu Malik ya ƙi shi, Risala ta Ibn Abi Zaid ta haɗa shi da nardu a cikin hani, Mukhtasar na Khalil kuma ya sanya dawwama a kansa cikin abubuwan da ke zubar da shaidar mutum. Hanafiyya da Hanbaliyya sun tafi a kan haramci, yayin da mashahurin ra'ayin Shafi'iyya shi ne karahiyya muddin babu caca, babu alfasha, babu jinkirta salla. Abin lura shi ne cewa ɓangarorin biyu siffa ɗaya suka kalla: Shafi'iyya sun sassauta saboda wasan ya dogara ga tunani da lissafi, Ibn Taimiyya kuma ya tsananta saboda wannan tunanin ne ke cinye zuciya fiye da yadda nardu ke yi. Babu wanda ya yi jayayya cewa aikin hankali ne, kuma wannan yarda ta bai ɗaya ta isa ga abin da ake son bincikawa.

Bayan da aka sauya dokoki a Sifaniya wajen 1475, aka mayar da waziri mai taku ɗaya ya zama sarauniya mai ratsa allo, aka kuma tsawaita tafiyar giwa, sai faɗa ya riƙa ɓarkewa tun daga takun farko, kuskure ɗaya a buɗi ya zama mai iya kashe wasa. Daga nan littattafan buɗi suka fara yawaita: na Lucena a 1497, na limamin coci Ruy López a 1561, babban kundin Jamusawa na Bilguer a 1843, har zuwa kundin da aka fara bugawa a Belgrade a 1974, wanda ya kasa dukkan buɗi zuwa babi 500. Dalilin wannan tari ba kwaɗayin rubutu ba ne. Mai fararen 'ya'ya yana da zaɓi 20 a takunsa na farko, mai baƙaƙe ma 20, wanda ya ba da matsayi 400 tun kafin a je ko'ina, kuma Claude Shannon ya ƙiyasta a 1950 cewa adadin wasannin da za su iya aukuwa ya kai 1 mai sifiri 120 a bayansa. Ba a taɓa yin ɗan Adam da zai binciki wannan daji daga tushe da kansa ba, don haka duk wanda ya zauna a gaban allo, komai gwanintarsa, mai taklidi ne a takunsa na farko, yana tafiya ne a kan sawun waɗanda suka mutu ƙarnuka kafin a haife shi. Wanda ya ce zai ƙi littafi don ya zama mai 'yancin tunani ba abin da zai samu sai maimaita kurakuran da aka gano aka binne tun zamanin gwanin wasan nan Greco a ƙarni na 17.

Sai dai riƙon littafi iri biyu ne, kuma buɗin da ke ɗauke da sunan Ruy López ya isa misali. Kowane ɓangare yana tura sojan da ke gaban sarkinsa gida biyu. Mai farare ya fito da doki ya kai wa sojan baƙi hari. Mai baƙaƙe ya fito da nasa dokin ya kare sojan. Sai mai farare ya kawo giwa ta tsaya a kan wannan doki mai gadi. A nan littafi ya ce mai baƙaƙe ya tura sojan gefe gida ɗaya ya tsokani giwar, takun da a ido yake kama da sakaci, domin giwa za ta iya cinye dokin, a rama a cinye ta, sannan dokin fari ya ɗauke sojan tsakiya da ya rasa mai gadi. Amsar ita ce mai baƙaƙe yana cin giwar ne da sojan da ke gaban sarauniyarsa, hanyar sarauniya ta buɗe, ta zabura zuwa gidan d4, inda take kai hari ga dokin da kuma sojan fari a lokaci guda, ta yadda dole ɗaya ya faɗi, asarar ta dawo. Ɗalibai biyu za su iya yin wannan taku na uku da sauri iri ɗaya, ɗaya saboda ya ga layin sarauniyar, ɗaya saboda haka aka rubuta, kuma muddin abokin karawa ya bi littafi babu mai iya bambance su. Ranar da aka cinye dokin aka ɗauke sojan ne na biyun zai zauna yana kallon allo, ya tabbatar da cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Aflaton ya kawo wannan matsala a cikin tattaunawar Meno, inda ya nuna cewa mutumin da ke da zato daidai game da hanyar zuwa garin Larissa zai kai matafiya can kamar yadda wanda ya san hanyar zai kai su, sannan ya tambayi abin da ya sa ake fifita sani a kan zato daidai alhali amfaninsu ɗaya. Amsarsa ita ce zato daidai ba ya zama, yana sulalewa daga zuciya sai an ɗaure shi da sanin dalili. Malamin Malikiyya na Andalus, Ibn Abdil Barr, wanda ya rasu a 1071, ya zo kusa da wannan ta wata ƙofa a littafinsa na falalar ilimi, inda ya rarrabe taklidi da ittiba'i, wato bin magana bayan hujjarta ta bayyana ga mai bi, ya kuma kawo cewa mai taklidi ba a ƙirga shi cikin malamai. Abin da allon ya ƙara a kan bayanan biyu shi ne ya nuna inda zaton yake sulalewa: ba mantuwa ce ke kawar da shi ba, sauyin tambaya ne. Wanda ya haddace yana da amsa ɗaya ga tambaya ɗaya, wanda ya san dalili kuwa yana da amsa ga dangin tambayoyin da suka haɗa uwa da ita, har da waɗanda ba a taɓa yi masa ba.

Tarihin wani reshe na wannan buɗi ya ba da shaida sau biyu. A gasar New York ta 1918, Ba'amurke Frank Marshall ya zo wa José Raúl Capablanca na Kyuba da shiri daga gida, ya ba da soja kyauta don ya samu hari mai zafi a kan sarkin fari. Capablanca, wanda bai shirya wa wannan ba, ya karɓi sojan, ya nemo kariya taku bayan taku a kan allo, ya kuma ci wasan. Shekaru 86 bayan haka, a wasa na 8 na karawar kambun duniya da aka yi a Brissago ta ƙasar Suwizalan a 2004, zakaran duniya na lokacin Vladimir Kramnik ya fuskanci wannan harin na Marshall daga hannun Peter Leko na Hangare. Kramnik yana buga takunsa cikin sauri bisa nazarin da aka yi da kwamfuta, har ya sadaukar da sarauniyarsa yana dogaro da wani soja da ya doshi gidan ƙarshe, shi kuwa Leko yana ƙona lokacinsa yana tunani har agogo ya fara matsa masa. A taku na 25 Leko ya ajiye sarauniyarsa a d3, sai ga shi dukkan ginin ya tsaya a kan rami: manhajar ta nuna farare ne ke da rinjaye a kallon farko, da an bar ta ta ƙara zurfafawa da ta juya hukuncinta. Zakaran duniya ya sha kaye a wasan da kusan bai yi tunanin kansa a cikinsa ba sai bayan da aikin gama ya gama.

Kuskure ne a karanta waɗannan labarai biyu a matsayin hukunci a kan shiri, domin Kramnik ɗin nan ne ya karɓe kambu daga Garry Kasparov a Landan a 2000 ta hanyar farfaɗo da wani tsohon reshe na Ruy López da ake kira kariyar Berlin, wanda Kasparov ya kasa fasawa har aka gama karawar bai ci wasa ko ɗaya ba. Bambancin shi ne a Landan an fahimci matsayin da ake shiga, an san abin da kowane ɗa zai yi bayan an musanya sarauniyoyi, a Brissago kuwa an karɓi hukuncin na'ura a wani lungu da ba a bincika ba. Kowane littafi yana da shafin ƙarshe, kowane layi da aka haddace yana da takun da babu komai bayansa, kuma aibin mai taklidi ba bin da yake yi ba ne, rashin sanin inda abin da yake bi ya ƙare ne. Ɗalibin fiƙihu da ya sauke Ahalari da Iziyya ya san irin wannan iyaka ranar da aka kawo masa mas'alar da ba ta cikin matani.

A nan ne batun dabarun kusa yake rikita rabon da aka yi tsakanin hadda da tunani. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Holan, Adriaan de Groot, ya wallafa bincikensa a 1946, bayan ya sa manyan gwanaye irin su Alekhine da Euwe da Keres sun yi tunani a bayyane a gaban matsayin da ba su sani ba, ya gano cewa ba su fi matsakaitan ƙwararru zurfin lissafi da wani abin kirki ba. Abin da suka fi su shi ne takun da ya dace yana faɗo musu tun a daƙiƙun farko. William Chase da Herbert Simon sun ɗora a 1973: idan aka nuna wa gwani matsayi daga wasa na gaske na 'yan daƙiƙu, yakan mayar da yawancin 'ya'yan gidajensu, amma idan aka warwatsa su barkatai ba bisa ma'ana ba, fifikonsa a kan ɗan koyo kusan ɓacewa yake yi. Ma'anar wannan ita ce abin da ake gani kamar basira ta nan take tarin siffofi ne dubun dubata da suka zauna a ƙwaƙwalwa ta hanyar maimaici: doki mai kai hari biyu, ɗan da aka ɗaure saboda sarki na bayansa, sarkin da sojojinsa suka toshe wa hanya a layin baya. Ijtihadin gwani, ashe, da hadda aka gina shi, sai dai hadda ce ta siffa da ma'anarta a haɗe, wadda ake samu ta warware mansuba ɗaya bayan ɗaya, ba ta karanta amsarta ba.

Ibn Khaldun ya ba wannan hali suna malaka, wato ƙwarewar da ke kafuwa a rai ta yawan aikatawa har ta zama kamar ɗabi'a, kuma a Muƙaddimarsa ta 1377 ya koka da ɗaliban Maroko na zamaninsa, waɗanda aka ƙayyade musu shekaru 16 a makaranta alhali na Tunis 5 ne, amma suke fitowa da hadda mai yawa da harshe a ɗaure, saboda ba su saba da muhawara da tattauna mas'aloli ba. Nazarin cikakkun wasanni shi ne muhawarar ɗan shaɗaranji. Hanyar da masu koyarwa suka fi yabawa ita ce ɗalibi ya rufe takun gwani, ya zaɓi nasa, ya rubuta dalilinsa, sannan ya buɗe ya gwada, ta yadda kowane saɓani zai zama tambayar da dole ya amsa. Mikhail Botvinnik, wanda Karpov da Kasparov da Kramnik duk suka ratsa makarantarsa, ya fi nanata cewa mutum ya yi wa wasanninsa sharhi ya kuma wallafa, domin wasu su kama masa kuskuren da son kai ya ɓoye masa. Wannan ya fi kowane ɓangare na karatun ɗaci, shi ya sa akasarin masu koyo suke guje masa su koma haddar buɗi, wadda ke ba da jin an ƙaru ba tare da an fuskanci raunin kai ba.

Zuwan na'ura ya buɗe wata ƙofa da Aflaton bai hango ba. Tun bayan da na'urar Deep Blue ta doke Kasparov a 1997 ƙarfin manhajoji ya yi wa na mutum nisa, kuma a 2012 aka kammala a Jami'ar Mosko wani rumbu da ya ƙunshi tabbataccen hukuncin kusan kowane matsayi mai 'ya'ya bakwai ko ƙasa da haka. A cikinsa akwai matsayin da ake kashe sarki bayan taku fiye da 500, kuma manyan gwanaye idan suka bi waɗannan taku ba sa ganin wata manufa a ɗaruruwan farko, sai kai da komo kamar na wanda ya ɓata. Ga gaskiya tabbatacciya, ga dalilinta a rubuce taku bayan taku, amma dalilin ya fi ƙarfin a riƙe shi a hankalin mutum. Shin wanda ya ce farare ne ke da nasara a wannan matsayi ya sani, ko zato daidai yake yi? Malaman usulu irin su al-Amidi da Ibn al-Hajib sun bar wata ƙa'ida da ke da amfani a nan, inda suka ce komawar gama-garin mutum ga mufti da komawar alƙali ga shaidu adilai ba taklidi ba ne a haƙiƙa, tun da akwai hujjar da ta wajabta komawar. Hujja, a wannan fahimta, tana iya kasancewa a kan mai magana ko da ba ta kasance a kan maganar ba. Wanda ya san yadda aka gina rumbun, cewa an faro ne daga matsayin mutuwar sarki ana komawa baya ba tare da an tsallake ko ɗaya ba, yana da sani na gaske cewa hukuncin daidai ne, ko da yake ba shi da malakar da zai aiwatar da shi. Manhajar da ta yaudari Kramnik kuwa ƙiyasi take bayarwa, ba yankakken hukunci ba, kuma laifin da aka yi shi ne an ba ƙiyasi amanar da ta dace da yaƙini kaɗai.

Kwatancin yana da iyaka da ya kamata a faɗa a fili. A addini akwai hukunce-hukuncen ta'abbudi, waɗanda ake bi don bauta ko da hikimarsu ba ta bayyana ba, kamar adadin raka'o'in kowace salla, kuma tushensu wahayi ne, wanda ba a auna shi da lissafin na'ura. Haka nan wanda ya tambayi malamin da ya amince da shi ya yi aiki da amsar ya sauke nauyin da ke kansa, mujtahidin da ya yi kuskure ma yana da lada. Allon shaɗaranji bai san niyya ba, bai san uzuri ba, sakamako kawai yake ƙirgawa. Abin da yake iya koyarwa ya taƙaita ne ga yanayin sani a matsayinsa na sani, ba ga matsayin mai shi a wurin Ubangijinsa ba.

Bobby Fischer, wanda ya yi zamaninsa yana cikin mafi zurfin masu nazarin buɗi, ya ƙare yana ganin hadda ta kashe wasan, don haka a 1996 ya gabatar a Buenos Aires da wani salo da ake yamutsa jerin manyan 'ya'ya na layin baya ta hanyar ƙuri'a, wanda ke ba da matsayin farawa 960, ta yadda babu littafin da zai yi wa kowa rana. Da haddar taku ce ke ɗaga gwanaye, da an ga sababbin fuskoki sun mamaye wannan fage. Amma gasar duniya ta farko ta wannan salo da hukumar shaɗaranji ta FIDE ta amince da ita a 2019 Wesley So ne ya lashe ta bayan ya doke Magnus Carlsen a wasan ƙarshe, ta 2022 a Reykjavik kuma Hikaru Nakamura ya ɗauka, dukkansu mutanen da tun farko suke sahun gaba a wasan da aka saba.